Aikin Taro, Awon Ɗaiɗai: Yaya Za a Auna Ƙwazon Rukunin Ma'aikata?

A ce an kawo mace mai naƙuda ƙaramin asibiti da ƙarfe biyun dare. Kafin ta sauka lafiya sai maigadi ya ji bugun ƙofa ya buɗe da wuri, mai kati ya lalubo katinta, ungozoma ta duba ta, mai kula da janareta ya tarar da mai a tanki, mai gwajin jini ya taso daga barci, mai ba da magani ya kasance da makullin ɗakinsa a hannu. In abin ya faskara, sai direban motar asibiti ya kai ta babban asibiti kafin jini ya ci ƙarfinta. Mutum bakwai ke nan, kuma jinkirin ɗaya daga cikinsu ya isa ya rushe ƙoƙarin sauran shidan. Ita matar ba ruwanta da wanda ya fi wani ƙwazo a cikinsu. Abin da ta sani shi ne asibitin ya yi mata aiki ko bai yi ba.

Amma idan shekara ta ƙare, ba asibitin ake ɗorawa a sikeli ba. Kowa za a miƙa masa nasa fom, a tambayi shugabansa ko yana zuwa aiki a kan lokaci, ko yana da ladabi, ko ya iya tsara wasiƙa. Aiki na taro, awo na ɗaiɗai. Shi ya sa ake samun ofis wanda kowa a cikinsa ya ci maki mai kyau a takarda, alhali ɗan fansho ko mai neman takardar fili yana ta zarya wata da watanni, fayil ɗinsa na kwance tsakanin tebur biyu. Ba lalle ne wani ya shara ƙarya a fom ɗin ba. Tambayoyin da ke cikinsa ne ba su je ko kusa da abin da ya dami ɗan fanshon ba.

Duk wanda ya yi aikin gwamnati a Nijeriya ya san fom ɗin APER, na awon ƙwazon ma'aikaci na shekara-shekara. Asalinsa yana komawa ga kwamitin Jerome Udoji, wanda gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1972, ya miƙa rahotonsa a 1974. Jama'a sun fi tuna Udoji da ƙarin albashi da ariyas ɗin da suka cika kasuwa da masu sayen rediyo da babur, amma kwamitin ya kawo wani gyara da ba a cika ambata ba. Kafin lokacin rahoton sirri ake rubutawa a kan ma'aikaci, gadon Turawan mulkin mallaka: shugabanka ya rubuta abin da ya ga dama, a kulle a fayil, kai ba ka gani ba. Udoji ya ba da shawarar a buɗe shi, ma'aikaci ya ga abin da aka faɗa a kansa. Wannan ci gaba ne na gaske. Sai dai da tafiya ta yi nisa, abin ya koma cika al'ada. Tunda makin yana shiga lissafin ƙarin girma, shugaba kan ji nauyin a ce shi ya toshe wa mai iyali hanyar abincinsa, sai ya ba kowa maki mai tsoka. Sau da yawa ma sai jarrabawar ƙarin girma ta ƙarato ake neman fom na shekara uku a cike su a zama ɗaya. Inda kuma aka ga bambanci a maki, ba kasafai yake bin aiki ba, ya fi bin wane ne ɗan mowa, wane ne ɗan bora.

Gwamnatin tarayya da kanta ta amsa cewa tsarin ya gaza. A ƙarƙashin shirin gyaran aikin gwamnati na 2021 zuwa 2025, lokacin da Dokta Folasade Yemi-Esan take shugabar ma'aikata, aka ƙudiri aniyar maye gurbin APER da tsarin da ake kira PMS, inda za a ɗora wa ma'aikata buri, a rarraba shi zuwa sassa, daga sassa zuwa kan kowane mutum. Niyyar tana da kyau. Abin da nake tsoro shi ne a sauya fom na takarda da na kwamfuta, tsohon tunanin kuwa yana nan daram, wato in ka tara ƙwazon mutum goma ka samu ƙwazon sashensu. Lissafin ba haka yake fita ba.

Ba ya fita haka ko a kan mutanen da muke ɗauka gwanintarsu a hannunsu take, duk inda suka je da ita za su tafi. Robert Huckman da Gary Pisano na Jami'ar Harvard sun bi diddigin likitocin tiyatar zuciya a jihar Pennsylvania ta Amurka, waɗanda da yawansu ke aiki a asibiti fiye da ɗaya. Binciken, wanda ya fito a 2006, ya nuna cewa yawan tiyatar da likita ya yi a wani asibiti yana rage mace-macen marasa lafiyarsa a wannan asibitin, amma ribar ba ta binsa zuwa ɗaya asibitin. Likitan shi ne dai, hannunsa bai canza ba. Waɗanda suka canza su ne mai sa barci, da mai miƙo kayan aiki, da nas ɗin da ta san abin da yake nufi tun bai buɗe baki ba. Wani ɓangare na abin da muke kira ƙwarewar mutum yana zaune ne a tsakaninsa da waɗanda suka saba da shi, kuma fom ɗin da ke ɗauke da sunan mutum ɗaya ba shi da gurbin rubuta wannan.

W. Edwards Deming, Ba'amurken da masana'antun Japan suka ɗauka malami bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya kai ga sanya awon ma'aikaci na shekara-shekara cikin cututtuka bakwai masu kashe kamfani. A wurin bita yakan kawo akwati cike da duwatsun ado farare da jajaye, ɗaya cikin biyar ja ne. Sai ya kira mutane ya ce su ne ma'aikata, ya ba su ɗan allo mai ramuka 50 su riƙa ɗebowa, ya ce fari ake so, ja aibi ne. Wanda ya ɗebo ja kaɗan a yaba masa, wanda ya ɗebo da yawa a yi masa faɗa har a sallame shi, alhali kowa a zauren yana gani jajayen a cikin akwatin suke, babu abin da hannun mai ɗiba zai iya yi. A ƙiyasinsa, kashi 94 cikin 100 na matsalolin wurin aiki daga tsari suke, wato abin da shugabanni ne kaɗai ke da ikon gyarawa. Ana iya jayayya da adadin, amma malamin da aka ba ɗalibai fiye da ɗari a aji ɗaya, ba alli ba benci, ya san abin da ake nufi.

Mafi munin awon ɗaiɗai shi ne wanda ke gwara kan abokan aiki. Jack Welch, shugaban kamfanin General Electric daga 1981 zuwa 2001, ya shahara da kasa ma'aikata gida uku kowace shekara: kashi 20 na sama a ba su lada, 70 na tsakiya a bar su, 10 na ƙasa a sallame su. Kamfanoni da yawa suka bi irin wannan sahu, har da Microsoft. Duba abin da hakan ke nufi a rukunin mutum goma waɗanda dukansu gwanaye ne: dole a nemo ɗaya a ce shi ne rago. To wa zai koya wa sabon zuwa aiki, bayan gobe da shi za a gwada shi? A Nuwamban 2013 Microsoft ya soke tsarin, bayan tsofaffin ma'aikatansa sun daɗe suna ba da labarin yadda mutane suka koma gasa da na kusa da su maimakon gasa da sauran kamfanoni.

Duk da haka, wanda ya ce a jefar da awon mutum ɗaya a koma awon rukuni zalla, bai taɓa haɗa aiki da cima-zaune ba. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi ta masu adawa, kuma gaskiya ce. Wani Bafaranshe masanin aikin gona, Max Ringelmann, ya sa mutane jan igiya yana auna ƙarfinsu, ya wallafa sakamakon a 1913: in mutum takwas suka ja tare, abin da kowannensu ke bayarwa bai wuce kusan rabin abin da yake bayarwa shi kaɗai ba. A 1979 Bibb Latané da abokan aikinsa suka rufe wa mutane ido, suka toshe musu kunne, suka ce su yi ihu iyakar ƙarfinsu. Da zarar mutum ya zaci tare da wasu yake yi sai muryarsa ta ragu, ko da kuwa shi kaɗai ne. Halin ɗan Adam ke nan: in ba za a gane nawa ba, don me zan kashe kaina? Sai dai gwajin da suka biyo da shi a 1981 ya fi muhimmanci a wurina. Da aka ba kowa nasa makirufo, aka gaya masa za a ji muryarsa daban, sai lalacin ya ɓace.

Manomanmu sun daɗe da sanin wannan. A aikin gayya abin da mai gona yake dubawa ɗaya ne, a gama gonar kafin rana ta faɗi, kuma in an gama sunan samarin unguwar ne gaba ɗaya zai tashi. Amma kowa da kunyar da ya kama. Wanda ya yi gaba ana ganinsa, makaɗi na zuga shi. Wanda aka bari a baya ma ana ganinsa, kuma wanda ya fita kan juyo ya taro shi, don gona ba ta ƙarewa sai kunyar ƙarshe ta ƙare. Sakamako na kowa ne, gudummawa kuwa a fili take. Duk tsarin awon rukunin da ya rasa ɗaya cikin biyun nan ba zai yi ƙarko ba. In ya rasa na farko, kowa ya kama gabansa. In ya rasa na biyu, masu ƙwazo su gaji da goyon ragwaye, ko su sassauta ko su bar wurin, kuma su ne dama suka fi samun inda za su. Ganin juna kuwa ba ya yiwuwa sai a ƙaramin taro. Ma'aikata mai mutum dubu ba rukuni ba ce, sai an gutsuttsura ta zuwa inda kowa ya san aikin kowa.

Don haka kafin a yi maganar fom, a fara tambaya: shin aikin nan da gaske na taro ne? Ba duk mutanen da ke zaune ɗaki ɗaya ne rukuni ba. A tsakiyar shekarun 1990 kamfanin Safelite na Amurka, mai sa gilashin mota, ya bar biyan ma'aikata da awa ya koma biyan kowa gwargwadon gilashin da ya sa, kuma Edward Lazear ya lissafa cewa abin da ma'aikaci ke fitarwa ya ƙaru da kashi 44 cikin 100. Babu mamaki, domin mai sa gilashi shi kaɗai yake aikinsa, in ya ɓata ana sanin wanda ya ɓata. A irin wannan aiki, cusa awon rukuni zalunci ne ga mai himma. A daidai wannan lokacin kuma, wata masana'antar ɗinkin tufafi ta kamfanin Koret a California ta yi akasin haka. Ta bar biyan kowane tela da yawan abin da ya ɗinka, ta koma ƙananan rukunai da ake biya a kan tufar da ta kammala, aiki ya ƙaru da kimanin kashi 14 cikin 100. Da farko shiga rukuni ganin dama ne, kuma gwanayen ne suka riga shiga, har da waɗanda kuɗinsu ya ɗan ragu. Rukunan da suka haɗa gwanaye da masu rauni sun fi waɗanda kowa ƙarfinsu ɗaya, saboda yanzu gwani ya samu dalilin koyarwa. Duka kamfanonin biyu sun yi daidai, domin kowannensu ya sa awo ya bi yadda aikin yake tafiya.

In an tabbatar rukuni ne, me za a auna? J. Richard Hackman, wanda ya shafe shekaru yana nazarin rukunai tun daga matuƙan jirgin sama har makaɗa, ya tsaya a kan tambaya uku. Wanda aka yi wa aikin ya gamsu? Rukunin ya fi iya aiki tare yanzu fiye da da? Mutanen cikinsa ƙaruwa suke yi ko tatsar su ake yi? Ta farkon kowa ya yarda da ita a baki, amma ofisoshinmu sun fi son ƙirga abin da suka yi a kan abin da ya isa hannun jama'a: zama nawa aka yi, wasiƙa nawa aka aika, bita nawa aka halarta. Sashen fansho kamata ya yi a tambaye shi kwana nawa fayil ke yi daga shigowa zuwa biya, da fayil nawa aka dawo da su saboda kuskure. Wannan adadi ba na akawu ɗaya ba ne, kuma ba wanda zai gyara shi shi kaɗai, sai an zauna tare an gano teburin da fayil ke kwana. Sauran tambayoyin Hackman biyu su ake mantawa. Sashen da ya cika burin bana ta hanyar hana mutane hutu da barci, rabinsu na neman canjin wurin aiki, bashin baɗi ya ci.

Akwai kuma tarko a cikin alƙaluman kansu, kuma a nan nake so mai karatu ya dakata. A farkon shekarun 1990 Amy Edmondson, tana ɗalibar digiri na uku a Harvard, ta shiga binciken kurakuran ba da magani a rukunan ma'aikatan jinya 8 na asibitoci 2. Ta zaci rukunan da suka fi shugabanci nagari da jituwa su ne za su fi ƙarancin kuskure. Alƙaluma suka nuna akasi, su ne suka fi yawan kuskuren da aka rubuta. Da aka tona sai aka gane cewa bayyana kuskure suka fi yi. A ɗakin da shugabar nas take hucewa a kan duk wanda ya kuskure, kowa gum yake yi, littafi ya fito fes. Wannan ya kamata ya tsorata duk mai riƙe da alƙalamin awo. In ka saka wa rukuni don littafin kurakuransa babu komai, rufa-rufa ka saya, kuma maras lafiya ne zai biya. Abin da Edmondson ta ci gaba da nazari a kai shi ne ko ƙarami a rukuni zai iya cewa "Ban gane ba," ko "Ni na yi kuskuren," ko "Yallaɓai, hanyar nan ba za ta ɓulle ba," ba tare da fargabar a ci masa fuska ba. A wurinmu, inda girmama na gaba ya yi ƙarfi har yaro ba ya son ɗaga ido ya dubi babba, wannan ya fi wuya, kuma shi ya sa ya fi cancantar a sa masa ido. Ina ƙaunar ladabinmu, ba na so ya gushe. Amma in ya kai ga hana nas ta ce "Likita, ina ganin allurar nan ta yi yawa," to ya fara cin rai.

Adadi kuma, da zarar an rataya masa abincin mutane, sai ya fara ƙarya. A 2016 hukumomin Amurka suka ci bankin Wells Fargo tarar dala miliyan 185, bayan an gano ma'aikatan rassa sun buɗe asusu kusan miliyan 2 ba da sanin masu sunan ba, don su cika adadin da aka ɗora musu. An kori ma'aikata kusan 5,300. Mutum 5,300 ba sa zama maƙaryata a banki ɗaya bisa tsautsayi. Haka makarantar da ba a tambayarta komai sai yawan waɗanda suka ci WAEC da NECO, za ta koyi hana mai rauni rajista, ko ta kau da kai ranar jarrabawa. Awon rukuni bai tsira daga wannan ba, yana ma iya fin na ɗaiɗai muni, domin in ƙaryar ta zama ta kowa, mai gaskiya shi za a kira maci amana. Kada a rataya komai a kan adadi ɗaya. Ma'aunin yawa a haɗa shi da na inganci, kuma mai tabbatar da alƙaluman ya zama ba shi da rabo a ladan.

Sai batun kuɗi, wanda shi kowa ke jira, kuma a nan muna da shaida daga gida. Shirin NSHIP, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa a jihohin Adamawa, Nasarawa da Ondo, ya gwada hanya biyu a ƙananan asibitoci. A wasu ƙananan hukumomi ana biyan asibiti gwargwadon yawan aikinsa da ingancinsa, kuma ana iya raba har rabin kuɗin ga ma'aikata. A wasu kuma ana tura wa asibitin kuɗi kai tsaye, rabin abin da na farko ke samu, ba sharaɗin yawan aiki, ba rabo ga ma'aikata, amma da ikon kashe su a kan abin da ya fi matsa musu, da kuma masu duba aiki da ke zuwa a kai a kai. Sakamakon da aka wallafa a 2021 ya nuna duka biyun sun kawo ci gaba. Tsarin lada ya yi gaba wajen jawo mata haihuwa a asibiti, amma a mafi yawan sauran ma'aunai ratar ba ta da yawa, duk da kuɗinsa ninki biyu ne. Abin da na fahimta shi ne, babban abin da ya motsa aiki shi ne rukunin ya samu ikon sayen magani da gyara rufi da famfo ba tare da jiran sa hannun sakatariya ba, kuma ya san za a zo a duba.

Imran Rasul da Daniel Rogger sun ga abin da ya yi kama da wannan a cikin ayyukan gwamnatin tarayya kusan 4,700 na hukumomi 63, irin su rijiyoyin burtsatse da gine-gine da madatsun ruwa. Kashi 38 cikin 100 ko farawa ba a yi ba. Hukumomin da ke ba ma'aikata sararin yanke shawara sun fi kammala aiki, waɗanda kuma suka fi tsananta sa ido da tsarin lada sun fi barin aiki a hanya. Wannan ba ya nufin a daina duba aiki. Yana nufin inda ladan ya dogara da ra'ayin oga, ƙarfin da ya kamata ya tafi wurin haƙa rijiya fadanci yake tafiya.

To ina matsayin mutum ɗaya? Ƙarin girma dai mutum ake yi wa, kora ma haka. A ganina a fara da rukuni sannan a gangaro: a zauna duk wata uku a duba abin da sashe ya fitar, sannan a tambayi me kowa ya sa a ciki. Waɗanda suka fi sanin amsar su ne abokan aikinsa, sai dai jin ta bakinsu a wurinmu yana da nasa ciwo. Akwai kara, wadda ke hana mutum faɗin aibin wanda suke cin abinci kwano ɗaya. Akwai kuma ɓangarancin gari ko ƙabila ko addini, wanda ke mai da fom makami. Tambaya irin ta "Yaya halinsa?" tana buɗe ƙofar duka biyun. Wadda ta fi ita ce mai neman abin da ya faru: wane aiki nasa ne ya sauƙaƙa naka a watannin nan, kuma yaushe ka tsaya jiransa? Irin wannan ce ke fito da mutanen da awon ɗaiɗai ba ya gani, kamar wadda ke koya wa sababbi aiki, da wanda ke karɓar aikin dare in wani ya kwanta ciwo, da akawun da ke gyara kuskuren wasu kafin takarda ta fita. Su ke riƙe da sashe, kuma su aka fi tsallakewa ranar yabo, kura da shan bugu gardi da karɓe kuɗi.

Lada ana iya raba shi ga kowa, amma horo ba a yi masa haka. In sashe ya gaza aka yanke wa kowa alawus, an yi kan mai uwa da wabi, kuma abin da zai biyo baya farautar wanda za a ɗora wa laifi ne. Gazawar rukuni dalilin bincike ce. In binciken ya kai ga mutum ɗaya da ya ƙi aiki bayan an ba shi kayan aiki an kuma gargaɗe shi, a hukunta shi shi kaɗai, kuma shugaba ne zai yi, kada ya laɓe bayan rukuni. In kuwa ya kai ga cewa kuɗin aikin da aka yi alkawari a Maris sai Nuwamba suka fito, ko an ce a ɗauki mutum shida aka kawo biyu, to sikelin ya hau sama. Duk takardar awon rukuni ya kamata ta zo da shafi na biyu mai nuna abin da aka ce za a ba su, da abin da aka ba su, da ranar da ya iso, darakta ya sa hannu a ƙasa.

Cikin abubuwan da ke hannun shugabanni har da barin rukunin ya daɗe har ya zama rukuni. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, a nazarinta na 1994 kan manyan haɗurran jiragen sama masu nasaba da kuskuren matuƙa, ta tarar cewa cikin waɗanda aka samu bayaninsu, kashi 73 cikin 100 sun auku ne a ranar farko da kyaftin da mataimakinsa suka fara tashi tare. Matuƙan ƙwararru ne, kowa da lasisinsa, sabo ne babu. A ma'aikatunmu kuwa takardar canjin wurin aiki na iya fitowa kowane lokaci. Sabon kwamishina ya zo da mutanensa, a ɗauke akawun da ya san fayiloli a kai shi wata ƙaramar hukuma, a kawo wanda zai fara koyo. Sashen da aka ɗora wa buri a Janairu, kafin Disamba rabin mutanensa sababbi ne, sannan a zo a ce ga makinsu. Kafin ofishin shugaban ma'aikata na kowace jiha ya buga sabon fom, ya fara ɗauko takardun canjin wurin aiki na shekara biyun da suka wuce, ya ƙirga sau nawa ya tarwatsa sassan da yake shirin aunawa.